Jarumai Biyar da Farar Tawada

Shekarar da soja suka koma bariki muna zaune a Kakuri, a wani gidan haya mai ɗaki takwas da famfo ɗaya, bayan layin masu gyaran mota. Ni ina buga tafireta a ofishin wata makarantar kuɗi a Barnawa. Maigidana kuwa shekara goma sha tara ya yi a ɗakin zane na masaƙa. Shi da abokan aikinsa ke fitar da furanni da ganyaye da duk adon da kuke gani a jikin atamfa, har ranar da aka kafe takarda a bakin ƙofar kamfani aka ce an rage ma'aikata. Sunansa na ciki. Gari ya ɗauki murnar farar hula, kowa na cewa yanzu abubuwa za su gyaru, mu kuwa a ɗakinmu ko rediyo ba a kunnawa.

Wata bakwai ya yi a zaune. Da a ce yana faɗa ko yana ƙorafi, da hankalina ya fi kwanciya. Amma mutumin nan kullum da safe sai ya yi wanka, ya sa riga mai guga, ya ɗaura agogo, sannan ya zauna a bakin gado yana kallon labule. In na dawo daga aiki a nan zan same shi. Wallahi tsoro yake ba ni. Har na riƙa ƙirƙiro masa aike, in ce gishiri ya ƙare alhali ga shi nan cike da gwangwani, don dai ya taka ƙasa ya ga mutane.

Ana nan sai yayansa ya zo daga Unguwar Mu'azu, ya zauna a kan tabarma ya yanke magana ɗaya: zaman banza a birni ba na magidanci ba ne, in kaka ta yi babu abin da ya samu, ya tattara iyalinsa ya koma ƙauye, gonar mahaifinsu na nan. Ina bayan labule ina jira in ji maigida ya musa. Sai na ji ya ce to. Komawa ƙauye na nufin in ajiye aikina, 'yan biyunmu mata kuma su bar makarantar da suke yi kyauta albarkacin ina aiki a wurin. Suna aji biyar lokacin.

A cikin makon ne ya haɗu da wani mai injin ɗab'i a Sabon Tasha, mutumin gabas amma haifaffen Kaduna, Hausa a bakinsa har ta fi ta wasunmu. Kowa Oga yake ce masa. Kalanda yake bugawa da katin biki, lokacin zaɓe kuma ya ci kasuwar hotunan 'yan takara har ya ƙara inji. Shi ne ya ɗauko wani ƙunshin littattafan zane na ƙasar waje, na gwanjo, irin waɗanda yara ke kira komik, ya danƙa wa maigida. Duk labarin jarumai ne masu tafiya ƙungiya-ƙungiya, wannan yana tashi sama, wancan yana fasa dutse da hannu. Ya ce yana son irinsa da Hausa, da mutanenmu a ciki. Ya nemi maigida ya yi masa shafi goma sha biyu na gwaji. In ya yi, akwai tebur da kujera a shagonsa da albashi duk wata. In bai yi ba, kowa ya kama gabansa.

Da ya dawo ya faɗa mini, ya ƙara da cewa, "In wannan bai yiwu ba, na ajiye alƙalami ke nan. Mu bi maganar Yaya."

Muka raba aiki. Shi zai yi zane, ni zan zuba magana a bakin mutanen, don rubutuna ya fi nasa kyau, kuma in ji shi bakina ba ya mutuwa. Saboda haka na riƙa tafiya ofis da littattafan nan a jaka, ina karantawa lokacin hutun tara. Shugabar makaranta ta taɓa kama ni, ta ce, "Madam, da girmanki?" Na ce bincike nake yi. Kuma da gaske binciken nake yi, don ban jima ba na gane masu kyau da na banza. A mai kyau, in ka rufe zanen da tafin hannu ka karanta maganar kawai, za ka san wane ne cikin biyar ɗin ya yi ta. Suna gardama, wani na jin haushin wani, akwai mai tsoro, akwai mai rawar kai, sai bala'i ya zo sannan su haɗa kai. A na banzan kuwa duk su biyar sun banƙaro ƙirji suna magana da baki ɗaya, ka rasa dalilin da ya sa ba a bar mutum ɗaya ya yi aikin ba. Wani abin da na lura da shi kuma, masu zanen kirki ba sa tsoron barin fili. Sai ka ga rabin shafi sama ce fara fat, ɗan mutum ɗaya yana faɗowa daga cikinta, gabanka ya faɗi tare da shi.

Jaruman maigida biyar ne, kuma duk a unguwarmu ya tsince su. Akwai bakaniken da ke ɗaga tirela da hannu ɗaya. Akwai mai ƙosai da ke watsa wuta da matsaminta. Akwai tsohon maigadi mai jin raɗar da ake yi a ƙetaren kogi, da wata ma'aikaciyar asibiti da ke ɗinke karaya da shafa, sai wata matashiyar masaƙa da zarenta ke ɗaure duk abin da ta jefa wa. Abokin gabarsu wani dodo ne da ke kwance a ƙarƙashin gada yana zuƙe man fetur ɗin gari ta ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa layi ba ya ƙarewa a gidajen mai. Wutar da ke ci a saman bututun matatar mai ta wajen Rido, a labarinsa, numfashin dodon ne. Labarin ya burge ni, ba zan ɓoye ba.

Mako shida yana zane, kuma a makonnin nan mijina ya dawo. Ya jawo teburin cin abinci zuwa bakin taga, ya jera kwalaben kalolinsa, har fito yake yi. Ya koma neman ƙarin tuwo. Amma bai yarda in leƙa ba, in na matso sai ya kife kwali a kai ya ce ɗanyen aiki ba a nuna shi. Ran wata Talata da hantsi ya miƙo mini shafukan a cikin babban ambulan, ya ce Asabar da safe za mu kai wa Oga, ina da kwana huɗu in zuba maganata.

Na tafi da su ofis, na jira shugaba ta fita zagayen azuzuwa, na buɗe.

Kai, jama'a! Kyau dai ba a magana. Ban taɓa ganin kala ta zauna a takarda haka ba. Amma ina ƙara kallo na gane abin da ke gabana atamfa ce. Sama cike take da ganye. Ƙasa cike da zobba-zobba. Ruwan kogi furanni ne, bangon gidaje furanni ne, rigar bakanike wani ado, jikin tirelar da ya ɗaga wani adon. Babu inda ya bar fili ko na ɗora yatsa. Har gefen dama na kowane shafi ya yi daidai da gefen hagu, yadda in ka jera su za su haɗe, kamar yadda ake yi wa zanen da za a maimaita a jikin yadi. Sai na ƙura ido sosai kafin in gane wa ke dukan wa. A saman kowane shafi kuma ga wani tsuntsu mai fiffike ɗaya a ɗage, ya zauna daram a tsakiyar ganyen, ba ruwansa da labarin. Wurin magana kuwa, 'yan da'irori ya bar mini, kowace ba ta wuce girman kwabo ba. Ko "wayyo" sai na matse ta kafin ta shiga.

Na ce wa raina wataƙila idona ne, na cika karanta na Turawa. Da na koma gida, maigida ya fita masallaci la'asar, sai na kira maƙwabciyata, wata 'yar Filato mai ɗinki da ɗakinta ke kallon namu. Na shimfiɗa mata shafi na bakwai a kan gado, inda jaruman biyar suka taru a kan gada, ban ce mata komai ba. Ta goge hannu a zaninta, ta sunkuya, ta ce, "Maman 'yan biyu, wannan ya fito kasuwa? Turmin nawa ne? Zai yi kyau da ɗinkin buba."

Na ce, "Ba ki ga mutane a ciki ba?"

Ta sake dubawa, ta juya takardar kai ƙasa, sannan ta ce, "Au! Ga wani riƙe da mota. Yi haƙuri, na ɗauka fure ne."

Ta tafi tana dariya, ni kuwa na zauna a bakin gadon, daidai wurin da yake zama, na rasa abin da ke mini daɗi. In mai ɗinki da ke wuni da ido a kan ado ba ta ga jarumi ba, yaron da zai sayi littafin a bakin makaranta zai gani? Oga ko shafi uku ba zai buɗe ba.

Ran Laraba na yi niyyar faɗa masa. Na dafa masa shinkafa da wake da mai da yaji, abin da ya fi so, na bari ya ci ya sha ruwa, sannan na fara kewaye-kewaye. Na ce, "Malam, wuraren maganar nan sun ɗan yi ƙanana. Da an ɗan buɗe saman, an rage ganyen…"

Ya ce, "Ki ƙanƙanta rubutun mana. A ɗakin zane, fili kasala ce. Shugabanmu in ya ga wurin da tafin hannu zai zauna babu ado, dawo maka da aikinka yake yi, ya ce ba a sayar wa mata farin yadi da kuɗin atamfa." Ya ajiye kofin, ya dube ni. "Ko kin ga bai yi ba ne?"

Da kun ga fuskarsa. Irin ta watannin nan bakwai ce ta leƙo. Ni da ake cewa bakina ba ya mutuwa, ranar ya mutu murus. Na ce, "Haba, ya yi mana. Ya yi sosai." Ya yi murmushi ya koma fito. Tsoro ne ya sa na yi masa ƙarya, ba wani abu ba, kuma har yau in na tuna sai na ji haushin kaina.

Ran Alhamis na yi tunanin in ɗauki hoton shafukan a injin ofis, in yi gyarana a kan kwafin, in bar masa nasa lafiya. Kwana huɗu ke nan babu wuta a Barnawa. Na je wani shago mai janareta na gwada shafi ɗaya, injin ya haɗe kalolin nan duka ya fito da su baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Na dawo na zauna gaban tafireta, na buga wasiƙa ɗaya sau uku ina kuskure. Ina cikin shafe kuskuren ne da farar tawadar nan ta masu tafireta, mai ɗan buroshi a jikin murfi, sai na tsaya ina kallon kwalbar.

Ran Juma'a maigida ya ce zai je Unguwar Mu'azu ya gaida Yaya, daga can ya yi sallah, sai la'asar zai dawo. Yana fita na aika wa shugaba cewa ba ni da lafiya, kuma ban yi ƙarya sosai ba. Na je kantin kayan rubutu na sayo kwalba bakwai. Na tura yara makaranta, na rufe ƙofa, na zauna a teburinsa, a kujerarsa.

Shafin farko na fi minti goma riƙe da buroshin ban taɓa takarda ba. Abin nan in ya hau, ya hau ke nan, ba ya kankaruwa sai da fatar takardar. Na yi bismillah na shafa a kan ganye ɗaya. Daga nan kuma hannuna bai tsaya ba. Na share saman gada har ta koma fari. Na share furannin da suka kewaye fuskar mai ƙosai, sai ga idonta ya fito, ashe harara ya zana mata mai kyau, ba wanda zai gani. Na buɗe fili a bayan bakanike, tirelar ta yi nauyi a hannunsa nan take. Tsuntsun nan na sama kuwa shi ya fi tsone mini ido, don daidai inda magana ya kamata ta zauna yake. Na bi shi shafi-shafi na danne, sai da na yi masa shafa biyu-biyu saboda jan bakinsa yana ɓullowa. Ina yi ina fifita da faifai don ya bushe, ina kasa kunne ko zan ji takunsa, duk wanda ya buɗe famfo a tsakar gida sai in ɗauka shi ne. Warin abin ya cika ɗakin har kaina ya fara sarawa.

Da azahar na fara rubutu. A nan kam na saki jiki. Na ba bakanike Hausar gareji, gajeriya, da "oya" da "a'a fa". Mai ƙosai na ba ta bakin wata gwaggota da ba ta iya gaisuwa ba sai da gori. Ma'aikaciyar asibitin kullum tana lissafa abin da zai iya lalacewa, wannan kam ni ce. Matashiyar masaƙa ba ta cika magana ba. Tsohon maigadi kuwa na ɗura masa karin magana, duk wadda na sani, don ina ganin a nan za a san marubuciyar ta sha nono. Na sa su faɗa a shafi na biyar, mai ƙosai ta ce ba za ta bi umarnin mai baƙin mai a farce ba, suka watse, sai a na bakwai suka dawo. Da na gama na jera su a kan gado na duba. Ana ganin mutane, ana jin su. Kuma na lalata wa mijina aikin mako shida ba da saninsa ba. Duka biyun gaskiya ne, na rasa wadda zan riƙe.

Abu ɗaya na dogara da shi. Mutanen ɗakin zane suna da wata al'ada: zane in ya bar teburinka, ba ka sake kallonsa sai a jikin yadi. Suna cewa mai waiwayen aikinsa ba ya gamawa. Na san ba zai buɗe ambulan ɗin ba. Na mayar da su, na naɗe da tsohuwar jarida, na ɗaure da zare, na zuba kwalaben a masai, na kunna turaren wuta.

Da ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa yana shaƙar iska. "Warin me nake ji haka?"

Na ce, "Kayan ofis ne na zo da su."

Ya ga ƙunshin a kan tebur, ya dafa shi da tafin hannu, ya ce, "Maganar ta shiga?"

Na ce, "Ta shiga."

Ya ce, "Ban ce miki ba?" Ranar ko loma uku ban yi ba.

Asabar da safe na ɗaura wata tsohuwar atamfata mai ruwan ganye, cikin waɗanda kamfani ke ba su da sallah, muka hau bas zuwa Sabon Tasha. Ƙunshin na kan cinyarsa, ya riƙe da hannu biyu. Sau uku ina buɗe baki in faɗa masa. Na farko kwandasta ya katse ni, na biyu muka faɗa rami, na uku ba abin da ya katse ni, ni ce dai na kasa. Na riƙa addu'ar Allah ya sa mu tarar Oga ya yi tafiya.

Yana nan. Shagon na warin tawada da kananzir, inji na ta ƙara a ciki. Ya sa aka kashe shi, ya share tebur da gefen hannu, ya ce, "Malam, bismillah. Madam, ga kujera." Ban zauna ba. Ya tsinke zaren, ya zaro shafin farko ya ajiye.

Maigida yana tsaye a gefensa. Ban kalli takardar ba, shi nake kallo. Na ga ya ɗan sunkuya, ya ɗago, ya sake sunkuyawa. Hannunsa ya tafi kamar zai taɓa, ya dawo da shi ya sa a aljihu. Bai juyo ya dube ni ba. Da ma ya juyo ya zage ni a gaban mutane, da ya fi mini sauƙi.

Oga yana buɗewa yana karantawa a hankali, leɓensa na motsi. A shafi na biyar ya yi dariya har da buga tebur, ya ce mai ƙosan nan ya san ta, a bakin tasha take. A na bakwai ya daɗe. Ya ce, "Ka ga nan? Wannan saman da ka bari fari, su biyar a ƙasa ƙanana, nan ne aikin. Gaskiya na ji tsoro da aka ce mini mutumin masaƙa ne. Na taɓa gwada wani daga wajenku, ya cika mini takarda kamar zanin amarya. Kai ka san inda ake tsayawa." Sai ya goga babban yatsansa a kan farin, ya ji kaurinsa, ya kankara kaɗan da farce. Mai ɗab'i ne, ba a yi masa wannan wayon. Ya ce, "Amma ka yi gyara da yawa, Malam."

Na kafe idona a kan maigida.

Maigida ya ce, "E. An yi gyara."

Oga ya dube shi, ya dube ni, bai ƙara tambaya ba. Ya koma kan takarda ya ce, "Madam, ke kika yi maganar? Huɗu sun yi. Amma tsohon nan naki, haba! Gada tana karyewa a ƙarƙashinsa, ya tsaya yana karin magana har uku? Wa ke yin haka? Ko kakana da ya fi kowa surutu, in gini na faɗowa gudu yake yi. Ki rage masa, ki bar masa ɗaya a duk littafin, ranar da ya faɗe ta za a ji." Kunya ta kama ni, don gaskiya ya faɗa. Ashe ni ma na cika nawa saman da ganye, ban gani ba.

Ya tattara shafukan ya ce wannan ɓawon ba zai hau inji ba, sai an sake zana su tsaf, yadda suke yanzu, da filinsu. Ya nuna wani tebur a bakin taga. "Litinin ƙarfe takwas. Ka zo da kayan aikinka."

Mun samu. Ba ƙauye, ba cire yara daga makaranta. Na yi ta jira in ji daɗi, daɗin ya ƙi zuwa. A bas ƙunshin na kan cinyarsa, amma yanzu hannu ɗaya ya ɗora a kai, yana kallon waje. Muka sauka, muka bi layin makanikai, suna gaishe shi yana amsawa kamar kullum. Maƙwabciyata ta leƙo daga kan keken ɗinkinta ta ce yaya, na yi mata alama da hannu ta bari.

Da muka shiga ɗaki ya rufe ƙofa, ya zauna a kujerarsa, ya buɗe shafukan ɗaya bayan ɗaya har goma sha biyu. Na tsaya a jikin bango na shirya jawabina: yara, makaranta, Yaya, maganar Laraba da ya hana ni ƙarasawa. Na ce, "Malam, ka yi haƙuri, tsoro ne ya…"

Ya ce, "Ganyen ba komai. Kin fi ni gaskiya a kan ganyen, na gani da idona." Muryarsa ƙasa-ƙasa, babu faɗa a ciki. "Tsuntsun fa? Ko ɗaya ba ki bari ba?"

Na ce, "Wurin magana ya tare. Kuma ai ba ya cikin labarin."

Ya ce, "Matso."

Na matsa. Ya kama gefen zanin da ke jikina, ya ɗaga shi wajen hasken taga, ya bi cikin ganyen da yatsa, ya tsaya. Ga shi nan, bai kai ƙwayar gyaɗa ba, fiffike ɗaya a ɗage, baki ja. Ya matsa da yatsan kamu ɗaya, ga wani. Ya tashi ya kama labulen ƙofa, wanda ya yi wata bakwai yana kallo, ya nuna mini shi a can ma. Ya jawo rigar 'yan biyu daga kan igiya, yana nan a wuyan.

Ya ce, "A bakin zani sunan kamfani kawai ake bugawa, ba a sa na mai zane. Shi ya sa kowannenmu yake da abin da yake ɓoyewa a ciki. Wani ƙugiya, wani tauraro. In na ga mace a kasuwa, da shi nake gane aikina. Wannan karon ne na ce ba mai hana ni, bari in sa shi a sama, babba, inda za a gan shi." Ya saki rigar. "Na ɗauka ke kin san shi. Shekara goma sha uku kina ɗaura shi."

Ban san shi ba. Na wanke zanin nan ya fi sau ɗari, na goge shi, na goya 'ya'yana da shi, ban taɓa gani ba. Na zauna a ƙasa na yi kuka, shi kuma ya fita ya ɗebo ruwa a famfo ya fara wanke buroshinsa na ran Litinin.

Ya sake zana shafukan, da filinsu, na rage wa tsohon maigadi surutu, littafin ya fito, yara suka saya. Shekara tara ya yi a teburin nan na bakin taga. Bai taɓa tayar mini da maganar ba, kuma duk aikin da ya gama ni yake fara miƙa wa in duba. Sau ɗaya na roƙe shi ya mayar da tsuntsun, ko ƙarami ne, ko a lungu. Ya yi murmushi ya ce, "Bar shi, ai ya tare wuri."

Duk kalandar da ya kawo gida, duk katin biki, duk littafi, sai na kai bakin taga na bi shi lungu-lungu da yatsa. Har ya bar aikin ban sake ganinsa ba, kuma wallahi na duba.